GOGENMU DA GOGEN TURAWA

Labarin da mu ka kawo wa 'yan makaranta a wannan shafi yau labarin kiɗa ne. Mun san wani zai ce, ina ruwan ɗan makaranta da kiɗa, balle kiɗan goge, wanda a ƙasarmu ba a kan ambace shi gaban dattijo ba sai an sassauta murya? To, ga dalilinmu. Sau da yawa yaro daga Darki ko Wudil ya kan ga hoton Bature da baƙar kwat, ya saƙale gogensa ƙarƙashin haɓa, sai ya ce wannan shi ne aikin wayayyu. In ya fita ya tarad da mai goge a bakin kasuwa, da ƙwaryarsa da izgarsa, sai ya kau da kai kamar ya ga abin kunya. Alhali kuwa kayan kiɗan nan biyu dangin juna ne, kuma wanda bai iya sauraron na gida ba, da wuya ya gane na waje. Rashin sani ya fi dare duhu.

ASALIN GOGE

Tun zamanin Fir'aunoni mutane sun san tsinkar tsarkiya da yatsa, kamar yadda mu ke yi wa molo da garaya da gurmi. Amma dabarar goga gashin doki a kan tsarkiya don ta yi kuka mai tsawo kamar muryar mutum, wannan ba ta bayyana ba sai baya-bayan nan, shekara dubu da 'yan kai da su ka wuce. Masana da yawa suna ganin ta fito ne daga tsakiyar Asiya, ƙasar mahaya dawaki, ta shiga ƙasashen Musulmi. Alfarabi, babban malamin nan da ya zauna Bagadaza ya rasu wajen shekarar 950, ya ambaci rababa a cikin babban littafinsa na ilmin kiɗa.

Daga nan sai rababa ta kama hanya biyu. Ta farko ta bi ta Andalus ta shiga Turai, ta haifi wani ɗan goge da su ke kira rebek, wanda ya ke cikin kakannin gogen Turawa na yau. Ta biyu kuwa, bisa ga ra'ayin masu bincike, ta biyo ayarin fatake ta ƙetaro Sahara. Shi ya sa duk faɗin ƙasar Sudan za ku iske goge mai tsarkiya ɗaya, kowace al'umma da sunan da ta ba shi. Fulani suna da nyanyeru, mutanen Sanigal suna da riti, Sanwai na bakin Kwara suna da njarka, Dagwamba na ƙasar Gana suna da gonje, Yarbawa kuma su ka sa goje cikin kiɗansu na sakara, wanda Yusufu Olatunji ya yi suna da shi. Buzaye suna da imzad, wanda mata ne ke goga shi, har a shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin abubuwan gadon 'yan Adam da ya kamata a kiyaye.

Namu kun san yadda a ke yin sa. A kan sami ƙwarya a rufe bakinta da fatar guza, a soke ta da sanda, a ɗaura tsarkiya ta gashin wutsiyar doki, a tokare ta da ɗan itacen nan da a ke kira jaki. Sa'an nan a ɗaura wani gashin a jikin lanƙwasasshen abu kamar baka, a shafa masa ƙaro don ya riƙa kama tsarkiya. To, ku lura da kyau. Gogen Turawa, wanda su ke kira bayolin, yana da tsarkiya huɗu, jikinsa kuma katako ne da a ka haɗa daga gutsattsari wajen 70, amma jaki yana nan, ƙaro yana nan, har yau kuma da wutsiyar doki a ke goga shi, ko a fadar Sarkin Ingila ne.

A arewacin Italiya a ka fara ƙera bayolin wajen shekarar 1530. Garin Kiremona shi ya yi fice a wannan sana'a, inda gidan Amati su ka fara, sa'an nan Antoniyo Istiradibari, wanda ya rasu a 1737 yana da shekara casa'in da wani abu, ya kai ta matuƙa. Wajen 650 daga cikin kayan da ya ƙera suna nan har yanzu. A 2011 an sayad da guda ɗaya, ƙirar 1721, a kan fam miliyan tara da dubu ɗari takwas.

ABIN DA A KE KIRA KONCETO

Kun san yadda mawaƙinmu ya kan tsaya shi kaɗai ya ja baiti, 'yan amshi su karɓa, masu kalangu ko masu ƙwarya su riƙe masa kiɗa. Konceto kusan haka ya ke, sai dai babu bakin mutum a ciki. Gwani guda ya kan tsaya a gaba da gogensa, a bayansa ga taron makaɗa arba'in ko sittin ko fi, masu goge manya da ƙanana, da masu sarewa, da masu busa wani abu mai kama da algaita, da masu ƙaho, da mai tambura. Shi ya faɗa su amsa, su faɗa ya amsa, wani lokaci su yi kamar masu gardama, wani lokaci su haɗa baki. A kan raba shi kashi uku, na farko mai sauri, na tsakiya mai natsuwa, na ƙarshe mai zafi irin na rawa. Bambanci babba da namu shi ne, su rubuta kiɗan su ke yi a takarda da waɗansu alamomi, kowane makaɗi ya ajiye tasa a gabansa yana karantawa.

Wani limamin Kirista na birnin Benis, Bibaldi, wanda ya rasu a 1741, ya tsara konceto na goge fiye da 200, da yawa daga ciki saboda 'yan mata marayu da ya ke koyarwa. Amma daga farkon ƙarni na 19 sai kiɗa ya sauya, rawa ma ta sauya. Wannan shi ne zamanin da Turawa ke kira Romantik, mu kuwa sai mu ce zamanin shauƙi. Dā makaɗi baran sarki ne ko na coci, abin da ubangidansa ya ke so shi ya ke yi. Yanzu sai attajirai da ma'aikata na birane su ka fara biyan kuɗi su shiga zaure su saurara, makaɗi kuma ya fara neman ya bayyana abin da ke cikin zuciyarsa, bege ne, ko baƙin ciki, ko murna. Aka ƙara wa goge tsawon wuya, aka ƙara ɗaure tsarkiyarsa, wani Bafaranshe kuma mai suna Turt ya sake fasalin izga wajen 1785, duk don murya ta cika babban zaure.

Kada ku zaci mai gogen Turawa bai sha zargi ba. A nan ƙasar goge ya daɗe yana tafe da bori, kowane iska da takensa, shi ya sa mutane su ke ƙyamarsa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin aibobin sarakunan Haɓe. To, a Italiya ma an yi wani gwani, Paganini, wanda ya kan kaɗa waƙa sukutum a kan tsarkiya ɗaya tak, kamar mai gogen Hausa. Da gwanintarsa ta fi ƙarfin hankalin mutane sai su ka ce ai ya sayad da ransa ga Shaiɗan ne. Da ya mutu a 1840 malaman coci su ka hana a binne shi a maƙabartarsu, gawarsa ta yi ta yawo wuri-wuri, sai a 1876 a ka sa ta a maƙabartar birnin Farma. Ko'ina a duniya, in itace da gashi su ka yi kuka kamar mutum, sai zukata su tsorata.

MENDELSON DA ABOKINSA

An haifi Feliks Mendelson a birnin Hambug na Jamus a 1809, shekara biyu bayan jama'ar Shehu sun ci Kano. A wannan birni kuma a ka haifi Bat, Baturen nan da ya kira kansa Abdulkarimu, wanda ya shigo Kano a 1851 ya rubuta labarin kasuwarta da marinanta. Kakan Mendelson, Musa, shahararren malamin Yahudawa ne, amma shi an mai da shi Kirista tun yana ɗan shekara bakwai. Tun yana yaro ya ke tsara kiɗan da ya ba manya mamaki. A 1835 a ka naɗa shi shugaban makaɗan birnin Laifzig, waɗanda su ke wasa a wani zaure cikin gidan fataken tufafi, shi ya sa har yau a ke kiransu da sunan wannan gida, watau Gebandhaus. Ya kirawo abokinsa na ƙuruciya, Fardinan Dabid, ya sa shi gaban masu goge.

A watan Yuli 1838 ya rubuta wa Dabid takarda, ya ce yana so ya tsara masa konceto, akwai kuma wani ɗan take da ya ke ta yi masa yawo a ka, ya hana shi sakat. Kuna tsammani ya gama cikin wata ɗaya? Ina! Shekara shida ya yi yana juya abin, yana rubutawa yana gogewa, yana tambayar abokinsa ko wuri kaza zai zauna daidai a hannun mai goge. Sai ran 16 ga Satumba 1844 ya sa hannu a ƙarshen takarda, duk da haka bai bar gyara ba. Kiɗan da a ke gamawa cikin rabin sa'a ke nan. Ku da ku ke rubuta insha'i cikin minti goma ku miƙa wa malam ba ku sake dubawa ba, ku riƙe wannan.

Aka fara kaɗa shi gaban jama'a ran 13 ga Maris 1845, zamanin nan Ibrahim Dabo ne Sarkin Kano, Aliyu Babba kuma ke sarautar Musulmi a Sakkwato. Dabid ne ya riƙe goge. Mendelson bai sami ikon tsayawa gaban makaɗa a ran nan ba, sai wani mutumin Danmak, Nils Gade, ya tsaya a madadinsa. Jama'a su ka karɓe shi hannu biyu-biyu. Cikin Oktoba na wannan shekara mai shi ya ja ragamar kiɗan da kansa. Bayan shekara biyu, ran 4 ga Nuwamba 1847, ya rasu yana da shekara 38.

Wani alheri da ya yi kafin nan ya isa a faɗa. Betoben ya tsara nasa konceto a Biyana tun 1806, amma bai sami karɓuwa ba, a ka jingine shi kusan shekara arba'in. A watan Mayu 1844 Mendelson ya tsai da wani yaro ɗan shekara goma sha biyu, Yusufu Yowakim, a birnin Landan, ya kaɗa shi, mutane su ka ga ashe lu'ulu'u ne su ka yar cikin toka. Yaron nan ne ya girma har Birams ya tsara masa nasa konceto, ya fara kaɗa shi a Laifzig ran 1 ga Janairu 1879.

YADDA A KE SAURARONSA

Yau ba sai an je Jamus ba, duk mai wayar hannu yana iya jin wannan kiɗa a zaune a zauren gidansu. Amma ji daban, saurare daban. Ga abubuwan da za ku kasa kunne gare su.

Na farko, mafari. Al'adar dā, taron makaɗa su kan yi minti biyu ko uku suna share fage kafin gwani ya shigo, kamar yadda zagage ke gabatar sarki. Mendelson ya ƙi wannan. Kafin ku ƙirga uku goge ya riga ya shigo, da siririyar murya can sama, mai kama da ta wanda ke bege. Ku riƙe wannan take da kyau, kamar yadda ku ke riƙe taken wani basarake in an buga shi da kalangu, gama zai tafi ya komo, wani lokaci a bakin goge, wani lokaci a bakin taro, wani lokaci a gutsure.

Na biyu, can gaba kaɗan gwani zai gangaro daga sama har ya sauka kan tsarkiyarsa mafi kauri, ya riƙe murya ɗaya ya yi ta ja, masu sarewa kuwa su ɗora sabuwar waƙa mai taushi a kanta. A nan sarki ne ya sauka ya riƙe wa baransa linzami.

Na uku, akwai wurin da taro duka za su yi tsit a bar gwani shi kaɗai, a na kiransa kadenza. Dā kusa da ƙarshen kashi a ke sa shi, a kan kuma bar wa mai goge ya ƙago abin da ya ga dama nan take, kamar yadda namu su ke yi. Mendelson ya rubuta nasa da hannunsa, ya kuma jawo shi tsakiya. Za ku ji izga tana tsalle bisa tsarkiyoyin nan huɗu, sama da ƙasa, kamar tsakuwa bisa ruwa. Tana cikin haka sai taro su lallaɓo da taken nan na farko a hankali. Masu sanin kiɗa suna lissafa wannan wuri cikin mafi kyawun dabarun da a ka taɓa yi.

Na huɗu, in kashi na farko ya ƙare da ƙarfi, kada ku ce an gama. Wani mai busa guda zai riƙe murya ɗaya, siririya kamar zare, ita za ta ja ku zuwa kashi na biyu, inda goge zai rera waƙa mai sanyi kamar uwa tana rarrashin ɗa, ko da ya ke a tsakiyarta hadari ya kan haɗu kaɗan kafin gari ya washe. An ce ya haɗe kashin haka ne don kada tafin jama'a ya katse masa zance. Daga nan sai ƙahoni su yi kira, goge ya amsa da tsalle, a shiga kashi na uku, mai sauri da raha kamar 'yan awaki da safe.

Na biyar, ku auna shi gwanin. A wuyan goge babu alamar da ke nuna wa yatsa wurin sauka, namu da nasu duka, kunne ne kaɗai jagora. In yatsa ya kauce da faɗin ƙwayar gero murya ta ɓaci. Ku ji ko muryarsa tsab ta ke, ku ji ko in izga ta kai ƙarshe ta juyo a kan ji gaɓa, ku ji yadda ya ke kaɗa yatsa don murya ta yi 'yar rawa. Ku nemi faifan Kiraisla na 1926 da na Haifets na 1959 ku gwama. Takarda ɗaya su ka karanta, amma na farko kamar dattijo ne mai hira, na biyu kamar barde ne a kan ingarma. Sai an gwada a kan san na ƙwarai.

ABIN DA TAKARDA TA TSARE

A 1933 Hitila ya kama mulkin Jamus, mutanensa su ka hana kaɗa duk abin da Mendelson ya tsara, don kawai jininsa na Yahudawa ne. Cikin Nuwamba 1936 su ka zo da dare su ka tumɓuke mutum-mutuminsa da ke tsaye gaban zauren kiɗa na Laifzig. Magajin garin, Gardela, ya ajiye aikinsa saboda wannan. Amma mulkin nan shekara goma sha biyu ya yi ya rushe, kiɗan kuwa yana nan, gama takardunsa sun riga sun bazu duniya. A 2008 mutanen Laifzig su ka sake kafa mutum-mutumin.

Kada kuma wani ya ce muku wannan fage na farar fata ne kaɗai. Samuyel Kolrij-Tela, wanda a ka haifa a Landan a 1875, ubansa likita ne mutumin Saliyo. Ya tsara nasa konceto na goge, wata gwana Ba'amurkiya, Mod Fawel, ta fara kaɗa shi a 1912, shekarar da ya rasu.

To, mu komo gida. Mu ma mun yi gwanaye. An yi Garba Liyo da Audu Yaron Goge. An yi Ibrahim Na Habu, wanda ya fito da kukuma, ƙanen goge, ya sa ta yi suna, su Garba Supa da Ahmadu Doka da Hassan Wayam su ka yi zamaninsu da ita. Waɗannan sun yi sa'a sun tarad da rediyo da faifai da kaset. Wanda bai tarad da su ba, ran da ya kwanta dama kiɗansa ya bi shi kabari, sai ɗan abin da yaransa su ka riƙe a ka. Gogenmu kuwa yana da abin da na Turawa ba shi da shi, watau magana. Harshenmu mai hawa da sauka ne, saboda haka in mai goge ya ja izga, Bahaushe ya kan ji kirari sarai da kalmominsa, ba tare da kowa ya buɗe baki ba.

Ba mu ce kowane ɗan makaranta ya zama makaɗi ba, hukuncin kiɗa kuma mun bar wa malamai, su ne masu shi. Abin da mu ke cewa, tarihi ba ya zaɓen abin da zai rubuta don kunya. Turawa biyu, Ames da King, sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa cikin littafi a 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya rubuta tarihin makaɗa da mawaƙanmu, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace ƙasar hakimi tana da nata gwanaye waɗanda sai 'ya'yan wurin za su iya tonowa.

Saboda haka ga aikin hutu. Ɗan Darki, da ɗan Wudil, da ɗan kowane gari, ya ɗauki littafi da alƙalami ya tafi wurin tsofaffi da ladabi. Ya tambaya, wa ya yi goge a garin nan? Wa ya koya masa? Waɗanne take ya ke kaɗawa, na wa da na wa? In akwai mai yi da rai, a roƙe shi izini a ɗauki muryar gogensa, a rubuta sunansa da rana da shekara, a kai wa malamin tarihi ya adana. Mun san ranar da Mendelson ya fara tunanin kiɗansa da ranar da ya gama ne don wani ya ajiye wasiƙa bai yar ba. Allah ya ba mu kunnen saurare da hannun rubutu, amin.